Binciken aji kan gwarazan 'yan wasa: yaya ake shirya shi ga 'yan aji biyar ba tare da ya koma kwafe ba?

UwarAjiBiyar ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawararku. Ina riƙe da aji biyar a firamaren gwamnati, yara 72 maza da mata. Ba mu da ɗakin karatu, babu kwamfuta, waya ɗaya ce a ajin, ita ma tawa ce. A wannan zangon ina so yaran su yi bincike da kansu a kan 'yan wasan da rayuwarsu ke da abin koyi, su rubuta abin da suka gano, sannan su tashi gaban aji su yi bayani. Darasi biyu nake da su a mako don wannan aiki, kowanne minti 35.

Ga inda abin ya tsaya min. In na ce kowa ya zaɓi ɗan wasa, rabin ajin Ronaldo za su ce, sauran Messi, matan kuma su yi shiru. Sannan yaya ake bincike a inda babu littafi? Kuma yaya zan hana yayan yaro ya kwafo masa daga waya, ya zo ya karanta abin da shi kansa bai gane ba? Wanda ya san tsarin don Allah ya faɗa min dalla-dalla.

TsohonHedimasta ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taimaka. Da farko kada ki ba yara suna kawai, ki ba su tambaya. "Ku rubuto tarihin wane" shi ke haifar da kwafe, domin amsarsa tana nan a shirye cikin waya, tun daga ranar haihuwa har ƙungiyoyin da mutum ya buga wa. Amma in kika ce, "Wane abu ne ya kusa hana wannan mutum kaiwa inda ya kai, kuma me ya yi a kai?" to dole yaro ya karanta, ya tace, ya ɗauki wani abu ya bar wani. Ki rubuta tambayar a saman allo, kada a goge ta har a gama aikin.

Yara 72 ki raba su rukuni 12, shida-shida. Kada rukuni ya wuce shida, in ya wuce mutum biyu ne za su yi aiki, sauran su koma hira. Kowane yaro da aikinsa: mai karantawa da ƙarfi, marubuci, mai lura da shekaru da alƙaluma, mai nemo gari da ƙasa a taswira, mai zane, da mai gabatarwa. Ki tabbata kowane rukuni yana da aƙalla yaro ɗaya da karatunsa ya zauna, domin a aji irin wannan ba a rasa waɗanda har yanzu haɗa baƙi ke ba su wahala. Su ma za su yi binciken da kunne, in an karanta musu takarda sau biyu.

'Yan wasa shida sun isa, ba goma sha biyu ba. Kowane ɗan wasa rukuni biyu su yi aiki a kansa, ba tare da sun zauna kusa da juna ba. Amfanin hakan zai fito nan gaba. Ki rubuta sunayen a 'yan takardu, ki zuba a hula, wakilin kowane rukuni ya zara. Ƙuri'a tana kashe gardamar "mu Ronaldo muke so" cikin minti biyu.

Batun rashin littafi, ke ce za ki haɗa musu abin binciken. Kowane ɗan wasa ki nemo masa takarda uku daga wurare uku daban, misali labarin BBC Hausa, na jaridar Aminiya, da shafin Wikipedia. In da Turanci kika samu, ki mayar da shi Hausa mai sauƙi ko Turancin da ya dace da ajin. Kowace takarda kada ta wuce kalma 250. A samanta ki rubuta inda aka samo ta da shekarar da aka wallafa ta, wannan layin yana da muhimmanci ƙwarai. Takarda 18 ke nan, in aka yi fotokwafi biyu-biyu sun zama 36. Kowane rukuni da ambulan ɗinsa, a saka a leda saboda damshin hannu da ruwan sama, kuma ba a fita da shi daga aji.

Kada ki buɗe shafukan wasanni a waya a gaban yara. Da yawansu cike suke da tallan caca, wasu hotunan kuma ba na aji ba ne. Ki zaɓi hotunan a gida, ki adana su, ki kashe data kafin ki nuna.

Mako huɗu ya isa, darasi takwas. A darasin farko ke za ki yi binciken a gabansu, da wani ɗan wasa na bakwai wanda ba ya cikin ƙuri'a. Ki ja layi biyu a allo ya zama gida uku: abin da muka gano, takardar da muka gano shi a ciki, da ko wata takardar ta yarda da hakan. Ki karanta sakin layi ɗaya, ki tambaye su, "A nan me ya amsa tambayarmu?" Ki nuna musu yadda ake watsar da abin da bai amsa ba, ko da yana da daɗin ji. Darasi na biyu da na uku su yi irin haka a littattafansu. Doka ɗaya ce: abin da za a rubuta a gidan farko kada ya wuce kalma biyar a layi. "Shan inna, tana ƙarama." "Zinare uku, Roma, 1960." Yaron da aka hana rubuta cikakkiyar jimla ba shi da hanyar kwafe.

A darasi na huɗu ki karɓe ambulan gaba ɗaya ki kulle a durowa. Daga 'yan guntayen bayanan nan za su gina jimla takwas zuwa goma da bakinsu. A nan ne malamai da yawa ke karaya, domin rubutun zai fito da kurakurai, ba kamar na takarda ba. Ki bar shi. Wannan mai kurakuran shi ne nasu, kuma shi ake iya gyarawa. Duk aikin a aji ake yinsa, ba a ba da shi aikin gida, ta haka yayan da ke da waya bai samu ƙofar shiga ba.

Darasi na biyar rukunan nan biyu masu ɗan wasa ɗaya su haɗu, su gwada abin da suka rubuta. Inda suka saɓa, sai a fito da ambulan a koma ga takarda. Na shida a yi zane da rubutu a kan kwali. Na bakwai da na takwas gabatarwa, rukuni shida a rana, minti biyar-biyar, ki riƙe agogo sosai don in na farko ya ci minti tara na ƙarshe ba zai samu tashi ba.

ƊanFilinWasa ya rubuta:

Tsarin Baba Hedimasta ya yi, Allah ya ƙara girma. Ni a kan zaɓen mutanen zan yi magana, domin in aka yi kuskure a nan sauran aikin ba ya armashi. Ana neman wanda labarinsa ke da cikas na gaske, kuma akwai alƙaluman da yaro zai iya bincika.

Masu son ƙwallo kada a hana su gaba ɗaya, Malama, a ba su na gida. Ahmed Musa an haife shi a Jos a 1992, ya buga wa Kano Pillars, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya ta kakar 2009/2010 da ƙwallo 18 tun bai kai shekara ashirin ba. Ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018. Ko kuma Rashidi Yekini, haihuwar Kaduna, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar duniya a wasa da Bulgeriya a 1994, ya kuma ci wa ƙasa 37 gaba ɗaya. Tawagar Najeriya ta gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da ta doke Birazil 4-3 sannan Ajantina 3-2 akwai 'yan Kaduna a ciki, irin su Garba Lawal da Tijani Babangida. Amma ƙwallo mutum ɗaya ya isa cikin shidan, in ba haka ba yara za su tashi da cewa ita kaɗai ce wasa.

Sauran biyar ga waɗanda nake gani. Chioma Ajunwa ta Najeriya, 'yar sanda, ta ci zinare da dogon tsalle na mita 7.12 a Atlanta a 1996. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun famfalaki na Roma a 1960 ba takalmi, ya sake ci a Tokyo a 1964, sannan hatsarin mota a 1969 ya hana shi tafiya da ƙafa har rasuwarsa a 1973. Wilma Rudolph ta Amurka shan inna ya kama ta tana ƙarama, ta yi shekaru da ƙarfen tallafa ƙafa, ta zo ta ci zinare uku a gudu a Roma. Nawal El Moutawakel ta Maroko ta ci zinaren gudun tsallake shinge na mita 400 a Los Angeles a 1984, shekarar da aka fara ba mata damar yin wannan gudu a Olamfik. Sai Hakeem Olajuwon, haihuwar Legas, wanda ya ci kofin ƙwallon kwando na Amurka da Houston Rockets a 1994 da 1995, kuma an san shi da buga wasa yana azumin Ramadan. Mata uku ke nan cikin shida, kuma da gangan ne.

Yanzu ga inda ake yawan faɗawa rami, kuma ramin nan shi ne darasin in an iya amfani da shi. Takardu suna saɓa wa juna, kuma ba kullum ba ne ɗaya ta yi ƙarya. Ɗauki gudun miƙa sanda na mita 400 sau huɗu na maza a Sydney a 2000. Duk abin da aka buga a lokacin zai ce Najeriya azurfa ta ci. Abin da aka buga bayan 2012 zai ce zinare, domin an soke nasarar Amurka bayan ɗaya daga cikin 'yan gudunta ya amsa cewa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. Sunday Bada, ɗaya daga cikin 'yan Najeriyan huɗu, ya rasu a 2011 kafin a mayar musu da zinaren. Yaron da ya ga takarda biyu sun saɓa, ya duba shekarar da ke saman kowacce ya gane dalili, ya koyi abin da wasu sai a jami'a suke koyo. Wannan misali ya dace da darasin farko da Baba ya ce a yi a allo.

Haka Tobi Amusan, 'yar gudun tsallake shinge ta Najeriya. A gasar duniya ta 2022 a Amurka ta yi daƙiƙa 12.12 a zagayen kusa da na ƙarshe, ta yi 12.06 a na ƙarshe, amma 12.12 aka rubuta a matsayin bajintar duniya. Dalili, iskar da ke bayanta a gudun ƙarshe ta kai mita 2.5 a daƙiƙa, ƙa'ida kuwa kada ta wuce 2.0. Yara za su ce takarda ta yi kuskure, sai a nuna musu ƙa'idar.

A kula da kalmar "na farko" kuma. Ajunwa ta ci nata zinaren ranar 2 ga Agusta 1996, 'yan ƙwallo suka ci nasu washegari. Amma lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta taɓa samu tagulla ce, ta ɗan dambe Nojim Maiyegun a Tokyo a 1964. Duk inda yaro ya rubuta "na farko", a tambaye shi: na farko a me?

Abu na ƙarshe, a hana kuɗi da motoci shiga kwali. Alƙaluman dukiyar 'yan wasa da ke yawo a intanet mafi yawa ƙiyasi ne, ba wanda zai iya tabbatar da su, kuma suna janye hankalin yaro daga tambayar da ke allo.

MusheMaradi ya rubuta:

Gaisuwa ga malamai daga Nijar. Ina da ƙari ɗaya a kan maganar rashin littafi. Ba duk bincike ne a takarda ba, kuma a ƙasar Hausa gwarazan da yara suka fi kusa da su 'yan kokawa ne da 'yan dambe, waɗanda tarihinsu a bakin mutane yake. A nan gasar kokawa ta ƙasa tun 1975 ake yin ta, ana zagaya jihohi da ita, kuma da wuya ka sami ɗan lakol, wato ɗan makaranta, da bai san sunan Issaka Issaka na Dosso ba, saboda yawan takobin zakaran gasar da ya ɗauka. A wajenku kuma ba a rasa dattijon da ya ga damben Shago da idonsa ko ya ji labarinsa daga wanda ya gani.

Saboda haka ina ganin cikin shidan a bar gurbi ɗaya ga gwarzon gari. Ga yadda ake yi. Rukunin ya shirya tambaya biyar a aji, malama ta duba su. A guji tambayar da amsarta "e" ce ko "a'a". A ce, "Yaya yake shiri kafin lokacin kaka?" "Wa ya taɓa kayar da shi, kuma me ya yi bayan nan?" "Wace sana'a yake yi in ba a wasa?" A gayyato dattijon zuwa makaranta ta hannun shugaban makaranta ko mai unguwa, kada a tura yara gidan mutum su kaɗai. Minti 20 ya isa. Yaro ɗaya ya yi tambaya, biyu su rubuta, domin ɗaya ba ya iya kamo komai. In dattijon ya yarda a ɗauki muryarsa a waya, a nemi izini tukuna a gaban yaran, su ga yadda ake yi.

Inda ake samun matsala shi ne shekaru da kirari. Dattijo ba zai ce 1984 ba, zai ce shekarar yunwa kaza, ko zamanin sarki wane. A rubuta yadda ya faɗa, daga baya a nemi shekarar. Sannan masoyin ɗan wasa zai ce gwaninsa bai taɓa faɗuwa ba. Shi ya sa rukuni na biyu zai tambayi wani mutum daban. Abin da bakin biyu suka haɗu a kai a rubuta shi kai tsaye, abin da mutum ɗaya ne ya faɗa a sa masa "in ji wane". Maganar laya da asiri za ta taso, ba makawa. A rubuta ta a matsayin abin da mutane ke faɗa, a mayar da yara ga atisaye da juriya, waɗanda su ne ake iya gani.

In ana son na zamani daga nan, akwai Abdoulrazak Issoufou Alfaga, wanda ya ci azurfar taekwondo a Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Kafin shi lambar Olamfik ɗaya tak Nijar take da ita, tagullar ɗan dambe Issaka Daboré a Munich a 1972. Yara su lissafa tazarar da kansu.

UwarAjiBiyar ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura biyu. Na ga an rubuta cewa an taɓa dakatar da Ajunwa kafin Atlanta, in saka wannan a takardar yara ko in cire? Sannan yaya zan ba da maki, tunda aikin rukuni ne?

MalamarMotsaJiki ta rubuta:

'Yar'uwa, ki saka. An dakatar da ita shekara huɗu daga 1992 bayan gwajin ƙwayoyi, ita kuma ta dage cewa ba ta san ta sha wani haramtaccen abu ba. Ki rubuta duka biyun a jimla biyu, ba ƙari ba ragi. In kika ɓoye, wata rana wani yaro zai gano, daga nan ya daina yarda da takardar malama. Kuma dawowarta bayan shekara huɗu a waje ita ce ainihin amsar tambayar da ke allo. Abin da za ki kiyaye shi ne kada yara su yanke hukuncin da takarda ba ta yanke ba.

Kafin maki, ki ɗauki rabin darasi na shida ki fita da su fili, gani ya kori ji. Mita 7.12 a takarda ba ta nufin komai ga ɗan shekara goma. Ki ari tef ɗin tela mai santimita 150, a shimfiɗa shi sau huɗu a ƙara santimita 112, a ja layi da toka a farko da ƙarshe. Yara su tsaya su kalli tazarar, sannan kowa ya yi tsalle daga tsaye a kan yashi a auna nasa. Kada a yi a kan siminti ko tsakuwa, kuma a duba wurin saboda kwalba da ƙusa. Shingen da Amusan ke tsallakewa guda goma ne, tsayin kowanne santimita 83.8. A auna wannan a jikin bango da alli, a gani kawai, kada a sa yara tsallake benci. Rukunin Bikila su yi lissafi: kilomita 42.195 cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya kama kusan minti 3 da daƙiƙa 12 kowace kilomita. In kin san wani wuri mai nisan kilomita ɗaya daga makaranta, ki ambata musu shi.

In akwai yaro mai lalurar ƙafa a ajin, kada ki tura masa Wilma Rudolph da gangan, kada kuma a riƙa waiwayensa ana karanta labarin. Ƙuri'a ta ba shi wanda ta ba shi. A fili ki ba shi riƙon tef da rubuta awo, ko jifa in yana so. Za ki iya ƙara Lucy Ejike a hirar aji, wadda shan inna ya sa take kan keken guragu, ta kuma ci wa Najeriya zinare a ɗaga nauyi a gasar Olamfik ta nakasassu a 2004 da 2008 da 2016. A yi maganar nauyin da ta ɗaga da atisayenta, ba tausayinta ba.

Hotunan mata 'yan gudu kuma, ki zaɓi na lokacin karɓar lamba, inda suke sanye da riga da wando masu rufe jiki. Wannan kaɗai yana kawar da yawancin ƙorafin iyaye. Ki kuma sanar da shugaban makaranta tun farko cewa aikin karatu ne da rubutu da lissafi, don in wani uba ya zo da maganar ana koya wa yara ƙwallo ya tarar da amsa a ofis.

Maki ki yi shi a kan 20, ki raba biyu. Goma na rukuni ne: 4 ga ingancin bayani, wato kowace shekara da alƙalami an nuna takardar da suka fito, 4 ga amsa tambayar allo, 2 ga tsabtar kwali. Kada kyan zane ya wuce 2, in ba haka ba rukunin da iyayensu suka saya musu kala su za su cinye. Goman da ya rage na kowane yaro ne shi kaɗai: 5 ga guntayen bayanan da ke littafinsa, 5 ga tambaya ɗaya ta baki. Lokacin gabatarwa ba mai gabatarwa za ki tambaya ba, ki buɗe rajista ki kira wani daga rukunin ki ce, "A wace takarda kuka ga wannan?" Ki gaya musu tun darasin farko cewa haka za a yi. Minti biyar ba zai isa a tambayi duka shidan ba, don haka ki tambayi biyu a ranar, sauran huɗun ki bi su ɗaya-ɗaya a farkon darussan mako na gaba, kina sa alama a rajista.